Mahaifa a Gidan Haya

Mu biyar Inna ta haifa, duk mata, kuma mu biyar ɗin a gindin darbejiya ɗaya aka binne mabiyiyarmu, a bayan ɗakinta can ƙauyenmu. Da muna yara in muka yi mata tsiwa sai ta nuna wurin da baki, ta ce duk inda muka je muka dawo, ga asalinmu nan kaji na tono a kai. Inna ta rasu, ɗakin ya rushe, darbejiyar na nan. Mu kuwa aure da neman abinci sun kwaso huɗu daga cikinmu sun zube a Darmanawa, kowacce a gidan haya, tsakaninmu tafiyar ƙafa ce. Daga ƙofar gidan Yaya in dare ya yi tsit ana jin jiniyar motar marasa lafiya tana shiga Asibitin Malam Aminu Kano.

Da cikin Auta na fari ya tsufa, gidan Yaya ta zo goyon ciki, tunda babu gidan uwa da za a mayar da ita. Ta haihu da asuba a wani ƙaramin asibiti, namiji. Ba mu gama hamdala ba wata ma'aikaciya ta miƙo mana baƙar leda an ƙulle bakinta, ta ce, "Ga kayanku." Muka hau adaidaita sahu, jariri a hannun Yaya, ledar a tsakanin ƙafafunmu. Sai da muka shiga gida muka tsaya cirko-cirko, domin tsakar gidan siminti ne daga bango zuwa bango, haya huɗu ke cikinsa, kuma mai gidan ba ya son a kafa ko ƙusa ba da saninsa ba.

Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta zo daga ƙauye don jego, ita ta fara magana. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin gidan da babu ƙasa a cikinsa ba. Wata maƙwabciya ta ce ita nata a shara aka kai, Gwaggo ta dube ta kamar ta yi saɓo. A ƙarshe muka wanke mabiyiyar kamar yadda ake yi, muka naɗe a farin ƙyalle, mijin Yaya ya fasa ɗan wuri a lungun bayan tankin ruwa inda simintin ya riga ya tsage, aka binne bayan sallar isha, a ɓoye kamar masu laifi.

Ta ukunmu, wadda ke karatun ungozoma, ita ce a daren ta ce mu lura da kalmar. Mahaifa muke ce wa inda ɗa ke kwana a cikin uwarsa. Da yawa cikinmu mahaifa suke ce wa abin da ke biyo shi. In kuma aka tambayi Bahaushe garinsu, cewa yake yi mahaifata. Ta ce a wani darasi da aka yi musu ta ci karo da mutanen da harshensu ya yi irin wannan ƙullin, can ƙarshen duniya, a Niyu Zilan. Su ne Maori, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawan Ingila. A wurinsu kalmar whenua, wadda ake furtawa kamar fenuwa, ita ce ƙasa, ita ce kuma mabiyiya. Hapū na nufin mace mai ciki, yana kuma nufin reshen ƙabila. Whānau haihuwa ce, dangi ne. Su ma binnewa suke yi, a ƙasar kakanni, sau da yawa su dasa itace a kai. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko Musulmi ne. Aka ce a'a. Ta ce to ai hankali ba na mutum ɗaya ba ne.

Washegari jego ya kankama. Wanda bai taɓa ganin tsohuwa tana gudanar da jego ba bai san mulki ba. Tun kafin kiran assalatu garwa tana kan wuta, ganyen darbejiya na tafasa, hayaƙi ya cika gida har masu haya na tari. Gwaggo ta tsoma damin ganyen a ruwan da mu ko yatsa ba ma iya sawa, ta yi ta fyaɗa wa Auta a baya da ciki da cinya. Safe da yamma, har kwana arba'in. A fito a sha kunun kanwa mai kauri, kofi biyu, uku. Ga yaji na citta da kanumfari da masoro da kimba, ga ƙaurin sa da angon ƙarni ya kawo. Dalilin Gwaggo ɗaya ne, kuma shi ne dalilin kakanninmu: jikin mai jego ɗanye ne, a buɗe yake, in ba a gasa shi ba sanyi zai shige ta, ta kumbura, ta lalace. Kanwa kuma tana wanke ciki, tana kawo ruwan nono.

Abin dariya, a ɗakin da ke kallon namu ana irin wannan aiki da wani harshe. Maƙwabciyarmu Inyamura ce, Madam muke ce mata, mijinta na sayar da kayan gyaran mota. Ta riga Auta haihuwa da mako biyu, kuma uwarta ta taso tun daga Anambra, kwana guda a mota, don abin da suke kira omugwo. Tawul take tsomawa a ruwan zafi tana danna cikin 'yarta, ta ɗaure shi da zane, ta dafa mata farfesun doya da busasshen kifi wanda yajinsa ke sa mu atishawa daga nesa. Wata rana Gwaggo ta leƙa turminta ta ga kimba. Suka tsaya, ita ba Hausa, ita ba Inyamuranci, kowacce tana ɗaga kimbar tana faɗin sunanta. Uda, in ji Mama. Kimba, in ji Gwaggo. Daga ranar suka ƙulla ƙawance, amma bai hana kowacce zagin aikin 'yar'uwarta a bayan ido ba. Mama na cewa za mu dafa yarinya da ranta. Gwaggo na cewa wannan ɗan shafe-shafen tawul ai wasan yara ne.

Yanzu ga abin da ya sa muke wannan rubutu, kuma ba mu fito a cikinsa da farar fuska ba. Ranar da muka koma ƙaramin asibitin nan don rigakafin jariri, ma'aikaciyar ta tambayi Auta, ba tare da ta ɗago kai ba, ko tana wankan jego da shan kanwa. Kafin ta ba da amsa ta ɗora da cewa mu dai ba ma jin magana, mu kashe kanmu da al'ada sannan mu zo mu dame su. Auta ta ce ba ta yi. Mu da muke tsaye a kanta muka gyaɗa kai. Alhali ƙafafunta sun fara cika takalmi, kuma da an yi tambayar da wata murya da mun faɗa. Muka dawo gida, Gwaggo ta tambaya me likita ya ce, muka ce ya ce lafiya lau. Haka matan unguwarmu suke rayuwa tsakanin hukuma biyu: a yi wa asibiti ƙarya don gudun wulaƙanci, a yi wa tsofaffi ƙarya don gudun ɓacin rai. Ita mai jikin ba wanda ya tambaye ta yadda take ji, ga kunyar ɗan fari ta rufe mata baki.

A mako na uku Auta ta daina iya kwanciya. Sai ta jingina da bango, ta tara matasai, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Tari ya zo, kumburi ya hau har gwiwa. Gwaggo ta ce ga shi nan, abin da take gudu ne, sanyi ya shiga, a ƙara itace. Ta ukunmu ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan ba sanyi ba ne, asibiti za mu." Gwaggo ta ce, "Ke da aka haifa jiya? Ni na yi wa uwarku jegonki." Muka rabu biyu a tsakar gida, murya ta fara tashi. Mama ce ta shigo ba sallama, ta danna ƙafar Auta da babban yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Ta kamo hannun Gwaggo ta ɗora a wurin. Ba ta ce komai ba, don ba ta da kalmomin. Gwaggo ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ce a nemo mota.

A Asibitin Malam aka yi mata hoton zuciya. Likitar, matashiya ce Bakanuwa, ta ce zuciyar ta buɗe ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ciwo ne da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Abin da ba za mu manta ba shi ne yadda ta juya ga Gwaggo, ta gaishe ta, ta ce, "Baba, ke kike kula da ita, ki faɗa min duk abin da take ci da sha, da yadda ake wankan." Gwaggo ta zayyana komai, har yawan kanwar da take jiƙawa. A minti biyar likita ta sami labarin da muka ɓoye mako biyu.

Daga baya muka gane cewa wannan ciwo yana da tarihi a ƙasarmu, kuma sunan al'adarmu na cikin littattafan likitancin duniya saboda shi. A shekarun 1970 wasu likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta cewa matan Hausawa na yankin na fama da gazawar zuciya bayan haihuwa fiye da duk inda aka sani, kusan mace ɗaya cikin ɗari. Suka danganta abin da zafin wanka, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da kanwa. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Kanwa gishiri ce da ake kwasowa daga busassun tafkuna, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Shekara arba'in ana koyar da ɗalibai haka, har ya zama in Bahaushiya ta zo da kumburi an riga an san mai laifi.

Sai a 2020 wani bincike da aka gudanar a asibitoci da dama a faɗin Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na nan Asibitin Malam, ya fito da wani sakamako. Ya tabbatar cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma. Amma da aka auna dalilai ɗaya bayan ɗaya, ba a sami wankan jego ko kunun kanwa ko zama Bahaushiya a matsayin abin da ke kawo shi ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki, wannan da kan kai mace ga jijjiga. Tun kafin nan masu bincike a Yamai da Kano sun lura da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin matan da ke da ciwon, abin da ke komawa ga abinci da ƙasar da aka noma shi.

Ba mu karanta wannan don mu wanke kanwa ba. Mace mai hawan jini ko raunin zuciya in ta sha kanwa kofi uku a rana tana ƙara wa kanta wuta, kuma mun ga matan da ruwan wanka ya sale wa fata. Likitar Auta ta hana ta kanwa nan take, ta rage mata gishiri. Abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Auta ta shiga ciki ba ta da nauyin kirki. A wata na takwas an ce mata jininta ya hau, ta dawo bayan mako guda, ba ta koma ba, saboda mijinta na kan hanyar Legas da mota, kuɗin gwaji babu, layin awo kuma tun asuba ake kama shi. Mun sani, muka ce ai ta kusa. Duk wannan babu wanda ya yi mana faɗa a kai. Garwar Gwaggo ce kowa ya gani, don ita ke hayaƙi. Zagin tsohuwa ba ya cin ko kwabo a kasafin kuɗi, ciyar da mai ciki da sa mata ido kuwa yana ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ba ruwan zafi ne ya kashe su ba. Zubar jini ne, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da nisan hanya.

A zaman jinya, dare ya yi tsawo, ta ukunmu ta ci gaba da ba mu labarin Maori, mu kuma muka fara jin kamar labarin maƙwabta ne. A 1907 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar hana masu maganin gargajiyarsu aiki, dokar da ba a soke ba sai 1962. Haihuwa ta tashi daga gida ta koma asibiti, mutane suka bar ƙasar kakanni suka cika birane bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yadda muka bar ƙauye muka cika Tarauni. A asibitocin kuwa ƙona mabiyiya ake yi ko a zubar, ba a tambayi kowa ba. Matansu ne suka yi ta fafutuka har aka koma tambayar mai haihuwa ko tana son a ba ta whenua ɗinta. Yau akan saƙa ko a gina ɗan mazubi musamman don ɗaukarta, wasu kuma da zaren wata ciyawa tasu suke ɗaure cibiya maimakon roba.

Wata nas ɗinsu, Irihapeti Ramsden, ita ta kafe a kan cewa ma'aikacin lafiya ya fara duba tasa al'adar da ikon da ke hannunsa kafin ya duba ta mara lafiya, kuma mara lafiyar ne zai ce an mutunta shi ko ba a mutunta shi ba, ba ma'aikacin ba. A 1992 aka sa wannan cikin jarrabawar nas-nas ta ƙasar. Misalin da ya fi burge mu shi ne na kwando. Jariran Maori na mutuwa a cikin barci fiye da na Turawa, an kuma daɗe ana yi wa iyaye wa'azin su daina kwana da jariri a gado ɗaya, ba su daina ba. Sai wani likitansu, David Tipene-Leach, da masu saƙa suka fito da wahakura, ɗan kwandon saƙa da ake sa jariri a ciki a ɗora a kan gadon uwar. Tana kwana da ɗanta, shi kuma yana da wurinsa. Ba a ce mata uwarta jahila ce ba.

Kada a ɗauka aljanna ce. Har yanzu rahotannin ƙasar na nuna matan Maori sun fi matan Turawa mutuwa a lokacin ciki da bayansa, kuma kashe kai na kan gaba cikin dalilan. Jariran matan Indiya da na tsibiran Fasifik da suka yi ƙaura zuwa can su ma sun fi fuskantar haɗari. Hukumar lafiya ta musamman da aka kafa wa Maori a 2022 sabuwar gwamnati ta rushe ta a 2024. Mutunta al'ada bai cika tukunya ba a can ma.

Maganar baƙi ta sa muka tuna wadda muka manta da ita a layinmu. Matar wani mai ga-ruwa ce, daga wajen Damagaram suka zo, suna zaune a kangon da ba a gama ginawa ba. Ta haihu kusan lokaci ɗaya da Auta. Bahaushiya ce kamarmu, ta san jego sarai, amma uwarta na ƙetaren iyaka, itace kuma kuɗi ne. Kwana huɗu da haihuwa muka gan ta tana wankau. A nan muka fahimci abin da ke cikin jego wanda ba ruwan zafi ba ne, ba kanwa ba: kwana arba'in da mace ba ta ɗora tukunya, ba ta shara, miji ba ya kusantarta, ana ba ta nama, kuma akwai wata babba da idonta ke kanta dare da rana. Shi ne abin da Mama ta yini a mota don ta kawo wa 'yarta. Sinawa na da wata guda na zaman ɗaki, mutanen Latin Amurka na da kwana arba'in kamar namu. Wannan ne abin da ƙaura ke fara ƙwace wa mace, kuma babu asibitin da ke rubuta shi a takardar magani. Masu cewa a watsar da jego gaba ɗaya ba su faɗa mana wa zai riƙe jariri mai jego ta yi barci ba.

Auta ta yi kwana goma sha ɗaya aka sallame ta da ƙwayoyi da sharuɗɗa. Mafi nauyi shi ne kada ta sake ɗaukar ciki sai an maimaita hoton zuciya an ga ta warware, domin wani cikin a kan wannan rauni na iya tafiya da ita. Mun san mijin zai ji nauyin maganar, danginsa kuma za su ce daga haihuwa ɗaya an fara tsarin iyali. Muna ta shawarar wadda za ta tunkare shi, sai Gwaggo ta ce mu bar mata. Ta kira shi zaure, ta ce, "Ɗan nan, a zamaninmu mace ba ta komawa ɗaki sai ta yaye, shekara biyu cur. Ku ne kuka zo da gaggawa. Likita ba sabon abu ta faɗa ba." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Gwaggo." Mako na gaba shi ya kai ta asibiti da kansa.

Wankan bai tsaya ba, amma ya sauya. Ta ukunmu ke surka ruwan, ta sa gwiwar hannu ta gwada, Gwaggo na tsaye tana mita cewa wannan ko jariri ba zai gasa ba. Kunun ya koma na gyaɗa da na tsamiya. Kanwar da ta rage Gwaggo ta ƙulle a bakin zane ta ce za ta kai wa awakinta. Garwa ta biyu kuwa, da yake itacen ya riga ya sayu, kullum da safe Yaya ke aika yara da ita kangon nan, da kwanon kunu a kai.

Ranar arba'in Auta ta yi kitso da lalle, ta zaga dangi a hankali, tana hutawa a kowane gida. Gwaggo ta koma ƙauye da jibi. Kafin ta tafi ta tona ƙwallon mangwaro a lungun bayan tanki, ta ce a riƙa zuba masa ruwan alwala. Ya tsiro, ya kai tsawon hannu. A watan jiya mai gidan ya aiko cewa zai ƙara kuɗin haya, kuma zai sa tayil a tsakar gida har lungu. Yaya ta fara neman ɗaki wajen Unguwa Uku. Mun tambayi Auta ko a tone a tafi da shi, ta ce a bari tukuna ta yi waya da Gwaggo.